Mu Nemi Masu Gyaran Wuta Na Gida: Jawabi A Taron Shekara

Mai girma Hakimi, dagatai, masu unguwanni, iyayena da 'yan'uwana.

Tun zamanin NEPA har zuwa 2013 da KEDCO ta karɓi rarraba wuta a Kano, Katsina da Jigawa, ƙa'idar ba ta sauya ba: daga mita zuwa cikin gida, alhakin maigida ne. Amma sau da yawa mukan kira duk wanda ya iya riƙe filaya, ya ja siririyar waya ta bisa azara, ya ɗaure fis da ƙarfe. Idan hunturu ya kama, ga buhunan gero a ɗaki, ga harawa a kan rufi, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye noman shekara. Araha ba ta ado.

Alhali muna da 'ya'yan da suka koyi aikin lantarki, wasunsu a Kwalejin Ilimi ta Fasaha da ke Bichi. Shawarata ita ce ƙungiya ta tattara sunayensu, ta taimaka musu su sami takardar shaidar hukumar NEMSA. Mu kuma mu riƙa biyansu haƙƙinsu cikakke, kada neman abinci ya kwashe su zuwa birni.

Allah Ya tsare mu daga gobara, amin.