Jawabi a Taron Iyaye da Malamai na Gabukka: A Rufe Littafi, Yaro Ya Biya

Shugaban taro, malamanmu, iyaye maza da mata.

Mu 'yan kasuwa ne, iliminmu bai wuce na allo da Islamiyya ba, sai ku yi mana uzuri. Abin da ya tayar da mu shi ne yaran da muke ɗauka a shago lokacin hutu. Yaro ɗan aji biyar, ka miƙa masa rasit ya karanta, sai ya yi ta kallon ƙasa. Alhali idan ka bi ta bayan ajinsu, malam na faɗa suna amsawa har rufin kwano na girgiza. To ina karatun ya tafi?

A cikin amshin nan ya ɓuya. Yara biyar ke ja, saura suna motsa baki kawai.

Ku tuna yadda aka yi mana a makarantar allo. Can ma ana ihu, gaskiya ne, amma ba a wanke allo sai ka durƙusa gaban malam kai kaɗai ka biya da ka. In ka kakare, ka koma. Bayan ka wuce ma ba a rabu da kai ba, tilawa na nan tana jiranka, a dawo da kai karatun watan jiya. Mun ji jiki, kuma dorinar nan ba ma kewarta, amma har yau surorin suna bakinmu.

Ashe masana ma sun auna wannan. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya gwada a kansa, ya gano mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, sai in ana bita a tsakani. A 2006 kuma Roediger da Karpicke a Amurka suka ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, sai masu tunowa da ka suka wuce su. Kun ga abin da ke ruɗin mu ke nan: a ranar darasi kowa kamar ya iya.

Saboda haka roƙonmu ga malamai ƙarami ne, ba ya cin ko kwabo. Minti 10 na farkon darasi, a rufe littafi. A yi tambaya kan na jiya, a haɗa da na makon jiya, kowa ya rubuta amsarsa kafin a ɗaga hannu, malam ya zaga ya duba. Wanda ya kuskure a gyara masa nan take, ban da bulala. Mun san aji ya cika maƙil, zagayen ba sauƙi. Ko layi ɗaya aka duba kowace rana, Juma'a ba za ta zo ba sai an kewaye ajin.

Mu kuma iyaye, bayan Magariba mu daina tambayar "kun yi karatu?" Mu karɓi littafin a hannunmu mu ce, "Faɗa mini."

Shugaba, muna so a sa wannan cikin ajandar taron ƙarshen zango, malamai su zo mana da abin da suka gani.