Ƙwallon da ke Cikin Lu'ulu'u: Musanya da Amana



Ko da yake Kano ba ta da teku, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, fatake ba su daina kawo mata murjani da tsakiya da sauran duwatsun ado ba, saboda haka bai zama baƙon abu ba in mun zauna yau mun tattauna sha'anin lu'ulu'un teku, wanda Alƙur'ani mai girma ya ambata tare da murjani a Suratur Rahman.

A da, masu nutso a Bahrain da maƙwabtanta sukan fasa kawa bila adadin kafin Allah Ya ba su rabo ɗaya. Amma a 1893 wani Bajapane, Kokichi Mikimoto, ya sami nasarar sa kawa ta yi lu'ulu'u mai rabin kewaye, kana Tatsuhei Mise da Tokichi Nishikawa suka gano hanyar samun cikakken mulmulalle, abin da ya taimaka wajen durƙusar da sana'ar nutso a shekarun 1930. Ga yadda ake yi: gwani yakan buɗe bakin kawa kaɗan ya tokare, ya yi 'yar tsaga a jikinta, ya cusa wani ƙwallo mai santsi tare da ɗan yankin tsoka da aka ciro daga wata kawar, sannan a mayar da ita ruwa shekara ɗaya ko biyu, tana lulluɓe ƙwallon da ruwan jikinta mai sheƙi hawa bisa hawa. A irin na Japan kaurin wannan lulluɓi sau da yawa bai wuce rabin milimita ba, wato mafi yawan abin da amarya ta rataya a wuyanta ƙwallon nan ne da ido ba ya gani.

Da aka jarraba dalma da gilashi da wasunsu wajen yin ƙwallon, sai masana suka tabbata babu kamar ɓawon kawar kogin Misisifi da Tenesi na Amurka, domin fari ne, mai kauri, kuma asalin ma'adininsa ɗaya ne da na lu'ulu'un, nauyinsu da taurinsu sun yi daidai, in zafi ya taɓa su tare suke buɗawa, in sanyi ya zo tare suke tsukewa. To, amma ni'ima in an yi mata israfi takan gushe. Masana'antun maɓalli sun kwashi kawar nan tun ƙarshen ƙarni na 19, madatsun ruwa da dagwalon gonaki suka biyo baya, sannan wata baƙuwar kawa ta ɓullo a 1988 tana manne musu har su mutu, ta yadda a yau akasarin jinsunan Amurka ta Arewa, su kusan 300, suna cikin haɗari.

Larura ta sa aka shiga neman madadi. Wasu suka koma ga ɓawon ƙatuwar kawar teku, mai araha da haske, sai dai dokar duniya ta taƙaita cinikinta, ga kuma aibin da ba ya bayyana sai ranar huji: saboda tsananin taurinsa yakan ci bakin abin huji, ya ɗauki zafi, lu'ulu'un da aka yi shekara biyu ana reno ya tsage a hannun mai aiki. A Ostareliya aka sarrafa wani dutse aka yi ƙwallon da ake kira Bironite. A Japan aka yi wani mai shan ruwa yana kumbura a cikin kawa. A Sin kuwa, inda tun ƙarnukan baya ake cusa 'yan siffofin dalma cikin kawar tafki, manoma da yawa suka bar ƙwallon ɗungum, yankin tsoka kaɗai suke dasawa. Har akwai wani kamfani a Hon Kon da ke binne ɗan guntun na'ura a cikin ƙwallon, domin a iya sanin gonar da lu'ulu'u ya fito.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, musanya ba laifi ba ce matuƙar ta cika sharuɗɗa biyu: madadin ya dace da ɗabi'ar abin da zai zauna cikinsa, kuma mai saye ya san abin da ya saya. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da haramta algus da ɓoye aibin haja, suka ba wanda aka ruɗa zaɓin mayar da ita, kuma wannan hukunci bai faɗi ba don kawai aibin yana inda sai na'urar hoton ƙashi ce ke iya ganinsa. Bahrain ma, don kare mutuncin kasuwarta, ta hana cinikin lu'ulu'un noma a ƙasarta.

Saboda haka ina roƙon 'yan kasuwarmu masu saro kayan ado daga Dubai da Sin su riƙa tambayar dillalai: na halitta ne, na noma ne, ko kuwa gilashi ne da aka shafa wa sheƙi? Su nemi takardar shaida, su kuma faɗa wa iyaye masu haɗa lefe gaskiyar abin da suke biya. Masananmu na Jami'ar Bayero kuwa, ya kamata su auna ɓawon kawar kogunanmu, su faɗa mana ko tana da amfani a wannan sana'a.

Allah Ya sa mu dace, Ya albarkaci kasuwancinmu.