Kuɗin Dish da Aljihun Matashi: Mu Yi Lissafi

'Yan uwana matasan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

Yau maganar kallo na kawo, domin ta shafi aljihunmu kai tsaye. A watan Mayun 2024 kamfanin MultiChoice mai DStv ya ɗaga Compact daga naira 12,500 zuwa 15,700. Ran 1 ga Maris 2025 ya sake ɗagawa: Compact 19,000, Compact Plus 30,000, Premium 44,500. To ku duba, mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne. Ke nan Premium kaɗai ya cinye fiye da rabinsa, tun ba a sayi fetur ɗin janareta ba.

Ba na cewa kallon ƙwallo ɓata lokaci ne, a'a. Gidan kallo sana'a ce, yana ciyar da iyalai daga Kwanar Dangora har Riruwai. Amma a ce mai gidan kallo yana karɓar naira 200 kowane kai, sai mutum 150 sun shiga kafin ya mayar da 30,000 ɗinsa. Mai fa? Hayar wuri fa? Shi ya sa in ya ƙara kuɗin shiga, kar mu far masa da zagi.

Shawarata uku ce.

Ta ɗaya, kar ka biya abin da ba ka kallo. Hoton HD garau yake, gaskiya ne, amma sai talabijin ɗinka na iya nuna shi, sai kuma da wuta. Tsohuwar talabijin ba za ta ba ka shi ba, ko nawa ka biya.

Ta biyu, gasar Firimiya ta Ingila tana ƙarewa a Mayu, ta dawo a Agusta. Wannan tsakanin daidai yake da shigowar damina. Kuɗin Compact na wata biyu naira 38,000 ne. A kai shi gona, a sa a taki. Mutan gida kuwa ga Arewa24, kyauta ake kama ta da dish tun 2014.

Ta uku, mu haɗa kai. Majalisa mai mutum 20, kowa ya ba da 1,500, an biya Compact Plus, an kalla tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shugabannin matasa na mazaɓu, don Allah ku kai wannan lissafi majalisunku kafin ƙarshen wata, kafin kowa ya sabunta nasa.

Allah ya yi wa nemanmu albarka.