Kwana Goman Ganin Gida: Yaya Za Ki Raba Su?

  

Yau kan ganin gida za mu tattauna. Mu da ke cikin kulle ba kullum muke fita ba. Wata sai ta shekara kafin maigida ya ce, "To, na ba ki kwana goma." A ce kina aure a Gwashi, inna tana Gummi, yayarki ta haihu a Bukkuyum, gwaggo kuma tana aurar da ɗiya a Anka. Kowa ya aiko yana jiran ki. Kwana nawa za ki ba kowa?

Bari in ba ku labarin kaina. Wata shekara na samu irin wannan izini, sai na fara da gidan biki. Ga dangi, ga hira, ga "haba, ki bari a kai amarya mana." Kafin in farga kwana shida sun tafi. Na biya barka, na isa wurin innata saura kwana biyu. Ta dube ni ta ce, "Har kin zo tafiya?" Kaka ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abinsa. Wallahi har yau maganar nan tana cina.

Don haka shawarata ta farko, kada ki raba kwanaki daidai wa daida don gudun ƙorafi. Ki raba su bisa haƙƙi. Da aka tambayi Manzon Allah (SAW) wanda ya fi cancantar kyautatawa, sau uku yana ambaton uwa kafin uba. To ki ba inna kaso mafi tsoka, kuma da ita za ki fara, tun ƙafarki ba ta gaji ba, tsarabarki ba ta ƙare ba. Daga ita sai mara lafiya da tsoho.

Na biyu, ki iya lissafi. Ranar da kika iso, rabinta a mota ta ƙare, sauran kuma gaisuwa ce da gajiya. Ranar tashi kuwa ɗaurin kaya ne. Ashe kwana biyu a gari yini guda ne cikakke. In garuruwan sun yi yawa, gara ki ajiye ɗaya sai wani zuwan, ki aika da saƙo da ɗan alheri, da ki yi ta sauka kina tashi ba wanda ya gan ki da kyau.

Ga misali. Gummi kwana biyar. Bukkuyum kwana biyu, ki ga mai jego, ki ɗauki jariri. Anka kwana biyu, ki daidaita su da ranar ɗaurin aure. Tara ke nan. Na goman ki riƙe shi a hannu, kada ki yi wa kowa alkawarinsa. Mota takan lalace, yaro yakan tashi da zazzaɓi, ruwa yakan tare hanya da damina. Ba mu manta ambaliyar Gummi ta 2024 ba. Ga kuma halin da hanyoyinmu suke ciki. Ki tashi da hantsi tare da muharraminki, a tambayi direbobi labarin hanya, kada a yarda magariba ta riske ku a daji.

Na uku, ki tausaya wa masu masauki. Hadisi ya nuna liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya ƙaru sadaka ne. Gidan yayarki gidan mijinta ne, ƙila da abokiyar zama, ƙila hatsin a aune yake. Baƙo raɓa ne, ki tashi ana marmarin ki.

Akwai kuma salla. A mazhabarmu ta Malikiyya, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80, kamar tsakanin Gummi da Anka, ana yin ƙasaru, wato Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Amma wadda ta yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, sai ta cika sallarta. Kin ga sanin kwanakin tun daga gida har ibadarki ya shafa. Ki sa maigida ya tambayar miki malam kafin ki tashi.

Daga ƙarshe, ki zauna da maigida ku tsara tafiyar tare, ya san inda kike kowace rana. Ranar da kuka yanka ki dawo a cikinta, in uzuri ya taso ki sanar da shi ta waya. Wadda ta cika alkawari bana, ba ta shan wahalar neman izini baɗi.

Zumunci a ƙafa yake, 'yan'uwa. Wadda innarta ke raye ta gode wa Allah, ta je ta zauna kusa da ita, ta tsefe mata kai, ta dama mata fura. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu.