Mai da Cuku a Bikin Hanuka: Kayan Zaƙin da Ba Sa Shiga Kaskon Suya



Duk wanda ya ɗan san bikin Hanuka na Yahudawa, suya ce za ta fara faɗo masa a rai. Yahudawan Gabashin Turai suna soya wainar dankalin Turawa da ake kira latke, a Isra'ila ana cin sufganiya mai jam a ciki, na Maroko kuma suna da sifenj. Abin da nake son mu duba yau shi ne ɗaya ɓangaren teburin, wato kayan zaƙin da ake gasawa. A ganina an tauye musu haƙƙi, domin wasunsu suna da tushe a al'adar bikin da ya girmi wainar dankalin nesa ba kusa ba.

Bari mu fara da asalin man. A shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, mayaƙan Makabiyawa suka ƙwace Haikalin Urushalima daga hannun Sarki Antiyokus na Huɗu, suka tsarkake shi. Littafin Talmud ya ruwaito cewa ƙaramin tulu ɗaya na tsarkakken man zaitun suka tarar, wanda kwana ɗaya kawai zai iya riƙe fitila, amma ya kai kwana takwas yana ci. Shi ya sa bikin yake kwana takwas, daga ranar 25 ga watan Kislev na kalandarsu, wanda kan faɗo tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba. Ku lura, man zaitun ake tunawa da shi. Kasko dabara ce kawai da mutane suka samo ta kawo man kan tebur. Dankalin kansa baƙo ne, don sai a ƙarni na 19 ya zama abincin kowa a ƙauyukan Yahudawan Poland da Rasha.

To, idan mai ne abin nufi, kek ɗin man zaitun ya cika sharaɗi. Ana kaɗa ƙwai da sukari har su yi kumfa, a tsiyaya man a hankali ana juyawa, a zuba fulawa da ruwan lemon zaƙi da ɗan kankararren ɓawonsa, a gasa. Da yake mai ba ya daskarewa kamar bota, kek ɗin yakan kwana biyu ko uku da taushinsa. Haka kek ɗin tuffa da kirfa da Yahudawan Amurka suka shahara da shi, da mai ake kwaɓa shi. Akwai kuma mandelbrot, wanda ake gasa kwaɓinsa a dunƙule da 'ya'yan almon, a yanka shi falle-falle, a sake mayar da shi cikin tanderu har ya bushe ƙamas. Shi ne na ajiya, kamar yadda matanmu ke cika bokiti da cincin kafin Sallah saboda baƙin da za su yi ta shigowa.

Amma dalilin yin kek da mai ya wuce tunawa da fitilar Haikali, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku. Dokar abincin Yahudawa ta hana haɗa nama da madara a ci ɗaya. Wanda ya ci nama sai ya jira kafin ya taɓa abin da aka yi da madara. Da yawa sukan jira awa shida, Yahudawan Jamus awa uku. A Gabashin Turai kuwa lokacin Hanuka ne ake yanka dinya, a gasa naman, a narka kitsen a ajiye. Uwargidan da ta gasa dinya da daddare ba ta da damar kawo kek mai bota a bayansa. Dole ta nemi abin da babu nama babu madara a cikinsa. Saboda haka tambayar farko a kicin ɗin mai kiyaye wannan doka ita ce: me aka ci kafin nan? Amsar ce ke yanke hukuncin abin zaƙin da zai biyo baya.

Ranar da ba a ci nama ba, sai cuku ya samu fili, kuma shi ma yana da nasa labarin. Ana danganta shi da wata jaruma mai suna Yahudit, wadda a ruwayoyin tsakiyar zamani ta ciyar da sarkin yaƙin abokan gaba, Holofanes, cuku mai gishiri. Ƙishirwa ta kama shi, ya sha giya ya bugu, ita kuma ta sare masa kai, garinsu ya tsira. Littafin Yahudit ba ya cikin littattafan da Yahudawa suka ɗauka nassi, amma labarin ya kama zukata har ya shiga kicin. Babban malaminsu na birnin Krakow, Moshe Isserles, wanda ya rasu a 1572, ya ambaci al'adar cin cuku a Hanuka cikin sharhin da ya yi wa kundin shari'arsu, Shulhan Aruk. Ke nan tun kafin dankali ya samu gindin zama, cuku na kan teburin. Yahudawan birnin Roma suna da kassola, wadda ake yi da cukun rikota da ƙwai da sukari. Na Tunisiya da Libiya kuma sun ware rana guda a cikin bikin, daidai da tsayuwar watan Tevet, suna kiranta Idin 'Yan Mata, inda mata ke taruwa a raba kayan zaƙi, a girmama Yahudit da ire-irenta.

Cikin dukkan abin da aka yi da cuku, rugelak ne ya fi burge ni. Asalinsa daga Yahudawan Poland ne, inda ake kwaɓa shi da yis. Da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka tarar da cuku mai laushi irin na Philadelphia, sai kwaɓin ya sauya: bota da cukun kusan daidai wa daida, fulawa ta ɗan fi kowannensu. Ana saka kwaɓin a firji ya yi sanyi sosai, don in ya ɗumama manne wa hannu yake yi. Sannan a murza shi ya zama faifai, a shafa jam, a barbaɗa kirfa da sukari da zabibi, a yanka shi gida 12 ko 16, kowane yanki mai faɗi a baki, siriri a tsakiya. Daga wajen faɗin ake naɗowa zuwa tsinin, a ɗan lanƙwasa shi. Minti 20 zuwa 25 a zafin digiri 180 ya isa. In ya fito za ka ga jam ɗin ya tsattsafo ta gefe ya ƙone kaɗan a kan faranti, kuma wannan ƙanzon yara ke rububi. Kugel mai zaƙi ma na wannan sahu ne: taliya da ƙwai da cuku da zabibi, a gasa har taliyar saman ta yi ƙaras-ƙaras.

Akwai abin da ya sa nake ɗaukar wannan batu da muhimmanci. Kowane dare ana kunna fitila, ana ƙara ɗaya a kan ta jiya, kuma tsohuwar al'ada ce mata su ajiye ayyuka irin su ɗinki da wanki na aƙalla rabin awa yayin da fitilun ke ci. Suya kuwa ba ta jira. Da zafinta ake ci, sai an samu mai tsayawa a bakin wuta cikin hayaƙi yayin da sauran iyali ke zaune. Abin da aka gasa tun hantsi yana ba wannan mata damar zama cikin 'ya'yanta. Ga kuma tsofaffi da masu ciwon zuciya, waɗanda dare takwas na soye-soye zai wahalar da su.

Yara su ma ba a bar su a baya ba. Tsohuwar al'adar ba su 'yan kuɗi a Hanuka ta sami sabon salo a shekarun 1920, lokacin da masu yin alewa a Amurka suka fara sayar da cakulan mai siffar tsabar kuɗi, a naɗe cikin takarda ruwan zinare. Da shi suke wasan juya ƙaramar katantanwa mai fuska huɗu da ake kira dreidel, wanda ya ci ya kwashe. Iyaye kuma sukan gasa musu biskit mai siffar katantanwar ko ta fitila, a yi masa ado da shuɗi da fari, yaran da kansu ke riƙe abin yankan.