Daga Juji zuwa Dandali: Tarihin Filin Odsal



Yau za mu leƙa Bradford, birnin masaƙun ulu a arewacin Ingila, mu dubi tarihin filin wasansu mai suna Odsal. Wasan da ake yi a can shi ne zari-ruga na 'yan wasa 13, wanda asalinsa tun 1895, lokacin da ƙungiyoyin arewa suka ɓalle a Huddersfield domin an hana su biyan leburori ladan aikin da suke rasawa ranar wasa. Watau dai wasan talakawa ne tun fil azal.

Odsal kuwa wani makeken rami ne da aka fasa dutse a ciki, daga baya majalisar gari ta mai da shi juji. A 1933 ƙungiyar Bradford Northern ta ƙulla haya ta shekara 10 da majalisa, aka share, aka daidaita ƙasan ramin, aka buɗe shi a watan Satumba 1934. Gangaren ramin nan shi ya zama matsayar 'yan kallo, ya ɗauki ɗimbin jama'a.

Ranar 5 ga Mayu 1954 Warrington da Halifax suka sake karawa a wasan ƙarshe na Challenge Cup, bayan sun tashi 4 da 4 a Wembley. Mutum 102,569 aka ƙirga, Warrington ta ci 8 da 4. To, amma duniya rawar 'yan mata ce. A Nuwamba 1963 mutum 324 kacal suka zo kallon wasa da Barrow. Wata mai bi ƙungiyar ta rushe. Mutanen gari ne suka sake kafa ta a 1964.

Haka aka yi ta faɗi-tashi. Bayan gobarar Valley Parade ta 1985, wadda ta ci rai 56, Odsal ya ba ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bradford City masauki. Da sabon suna Bradford Bulls, ƙungiyar ta zama zakara a 1997, 2001, 2003 da 2005. Duk da haka bashi ya kama ta, hukumar wasan ta sayi hayar filin a 2012, ƙungiyar ta sake rushewa a 2017. A 2019 tsadar riƙon filin ta kore ta zuwa Dewsbury, sai 2021 ta komo gida.

Abin lura a nan, ramin da ya rage musu kuɗin gini shi ne ya tsananta musu kuɗin gyara, gama faɗinsa ya fi ƙarfin abin da ake karɓa a ƙofa. Da yawa cikinmu gobe takardun irin waɗannan ayyuka za su biyo ta teburinmu. Kafin mu sa hannu, wajibi ne mu tambaya: bayan bikin buɗewa, wa zai riƙe wurin, kuma da wane kuɗi?