ZOƁO DA LAFIYAR ƘANANAN JIJIYOYIN JINI



Babu unguwa a cikin ganuwar Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, da ba ta da wanda hawan jini ko ciwon sukari ya kwantar. Wannan ya sa muka zaɓi yin magana kan wani abu da muka raina.

Duk wanda ya ga lambu a bakin Galma ya san ƙananan hanyoyi ke kai ruwa kowane fangali. Haka jikin mutum da na dabbobi masu shayarwa yake. Akwai jijiyoyin da suka fi gashi siranta, su ke ciyar da ido da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Idan suka lalace, gani ya raunana, ƙoda ta gaza.

Allah ya sanya wasu sinadarai a tsirrai, waɗanda masana ke kira filabonoyid. Ana samun su a albasa da lemo da ganyen shayi, kuma jan launin zoɓo daga cikinsu yake. A 1936 wani masani ɗan ƙasar Hangari, Albert Szent-Györgyi, ya lura cewa abin da ya tato daga lemon tsami yana rage tsattsafar jini daga waɗannan jijiyoyi. Daga baya aka gano sinadaran suna taimaka wa bangon jijiya ya saki, jini ya wuce cikin sauƙi. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka bayyana cewa shan kofi uku na zoɓo kullum, har mako shida, ya rage hawan jini kaɗan ga waɗanda nasu bai yi tsanani ba.

Sai dai a yi hattara. Zoɓon da aka cika wa sukari ɓarnarsa ta fi amfaninsa, kuma bai zama madadin magani ba. Mun yi jana'izar wani abokinmu da ya ajiye ƙwayoyinsa ya dogara da jiƙo. Wanda ke shan magani ya shawarci likita tukuna.

Muna roƙon wannan ƙungiya ta sayi na'urar awon jini, ta riƙa auna dattawa kyauta kowane wata. Iyayenmu mata kuma su mayar da yakuwa cikin gida.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ɗaukaka Zazzau. Wassalamu alaikum.